Bangon da Aka Taka Ƙasarsa Shiru

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, mu ji ta.

To, ku gyara zama. Wani gari ne can bayan inda rafi yake ƙarewa, ana ce masa Birnin Raɗawa. Kududdufi ɗaya gare su a tsakiyar gari, kuma duk ginin garin da ƙasarsa aka yi shi. Ƙasar ja ce mai laushi, amma tana da wani hali. Duk abin da ta ji ranar da ake taka ta, ta riƙe ke nan. A yi tubali, a ta da bango, bango ya bushe, ba ka jin komai. Ranar da ruwa ya taɓa shi kuwa, sai ya fara faɗin abin da ya ji, a hankali, kamar mai magana cikin barci. Ba ya dainawa sai ya bushe.

Shi ya sa mutanen Raɗawa ba sa taka ƙasa haka kawai. Kowane gini da maganar da ake taka masa.

Ganuwa da sunayen mutanen gari aka taka ta. In damina ta faɗi, sai ka ji ta zagaye gari tana kiran kowa, na raye da wanda ya riga mu, ɗaya bayan ɗaya. Katangar kasuwa da gaisuwa aka taka ta, sannu da zuwa, ina gajiya, a sauka lafiya. Ɗakin da mata suke haihuwa, tsofaffi ne suka taka shi da waƙar reno. Zauren shari'a kuwa tambaya ce zalla: "Sai me ya faru? Wa ya gani? Ka tabbata?" Alƙali ba ya wahalar da bakinsa. A yayyafa wa bango ruwa, shi ya jingina. Fadar Sarki da kirari aka taka ta, kuma akwai barori goma sha biyu da tuluna, aikinsu ke nan rani da damina, kada bangon fada ya bushe.

Da rani in kewa ta kama mutum, sai ya ɗebi ruwa a moɗa ya watsa wa bangon ɗakinsa, ya ji dariyar uwarsa da ta rasu tun yana ƙarami. Haka suke zaune.

Akwai Sarkin Kududdufi, shi yake auna wa kowa ƙasa. Akwai masu aron baki, waɗanda ake gayyata ranar taka ƙasa su yi ta zuba daddaɗan zance. Sannan akwai Magajiyar Kunne, wata doguwar tsohuwa mai suna Hakama. Bayan ruwan farko takan bi gida-gida ta kara kunnenta a kowane sabon bango. Wanda ya yi magana, ta wuce. Wanda ya yi shiru, ta shafa masa farar ƙasa. A wurinsu, bangon da bai yi magana ba, ƙasarsa ba ta kama ba, matacce ne, wata rana zai faɗo wa mutane. Ana jiransa ruwa uku. In na uku ya ɗauke bai ce komai ba, sai a rushe shi a mayar da ƙasar kududdufi, kuma ba a sake auna wa mai shi wata sai bayan shekara bakwai.

To, can ƙarshen gari, gindin ganuwa, akwai wata yarinya ana ce mata Marka, ita da kakanta Nomau. Su biyu ne kawai. Nomau yana ji, amma tun da aka haife shi bai taɓa magana ba. Marka tana da baki, sai dai kunya ta hana shi aiki. In aka gaishe ta, yatsun ƙafarta take amsa wa.

Tsohon ɗakinsu ya zube da daminar bara. Da rani aka auna musu ƙasa. Masu aron baki ba sa zuwa sai an yi musu tuwo da nama, su kuwa ba su da shi. Sai suka taka su biyu.

Nomau ya sa ƙafa, Marka ta sa ƙafa. Nomau ya cire, Marka ta cire. In ya gaji, ya dafa kafaɗarta. In ta ji ƙishirwa, ta dube shi, ya miƙo gora. Sau uku ta buɗe baki za ta yi wa ƙasar 'yar waƙa, sau uku ta hango mai wucewa, ta rufe. Kwana bakwai suna takawa, ƙasar ba ta ji muryar kowa ba. Suka yi tubali, suka ta da ɗaki, suka jera azara, suka sa indararo, suka shiga.

Ruwan farko ya sauka. Gari ya ɗauka da raɗa, kowane lungu da abin da yake faɗa. Magajiya Hakama ta iso da ƙwaryarta ta farar ƙasa. Ta kara kunnen dama. Ta kara na hagu. Ta zagaya bayan ɗaki ta sake karawa.

Ta ce, "'Yan nan, me kuka taka masa?"

Marka ta ce, "Ba komai, Iya."

"Ko tari?"

"Ko tari."

"Kwana bakwai, ko atishawa babu wanda ya yi?"

Marka ta girgiza kai.

Magajiya ta tsoma hannu a ƙwarya ta shafa wa bango. Ta ce, "Ba mugunta ba ce, aikina ne. Saura ruwa biyu."

Nomau ya zo ya ɗora tafinsa kusa da farin, ya zauna a nan. Marka ta dubi ƙafafunsa da suka tsattsage wurin taka ƙasa. Shekara bakwai babu ɗaki. Ta san tsohon ba zai kai ba.

Da safe tana shara a bayan ɗaki, sai Kurege ya leƙo daga raminsa.

Ya ce, "Amaryar Nomau, wa ya taɓa ki fuska ta yi tsami haka?"

Ta nuna masa farin.

Ya ce, "Wannan ne kawai? Bango magana ake so ya yi, ni kuwa magana ce ta yi mini yawa. Zan haƙa rami a gindinsa in shiga. In tsohuwa ta zo, ke dai ki tsaya ki sha kallo. Ki tanadar mini gyaɗa."

Marka ba ta so ba, amma ta tuna ƙafafun kakanta, ta ce to.

Ruwa na biyu ya sauka. Magajiya ta dawo ta kara kunne. Sai bango ya ce, "Sannu da aiki. Sannu da aiki. Allah ya ja kwanan Magajiya, mai kunnen zinariya."

Magajiya ta ɗaga gira. Ta ce, "Ikon Allah. Bango ya farfaɗo." Ta juya wajen Marka. "Irin wannan bango ya cancanci tukwici. Ina da gyaɗa a gida, ban dai sani ba ko soyayya zan kawo ko dafaffiya."

Bango ya ce, "Soyayya."

Magajiya ta durƙusa ta zura hannu a gindin bango, ta jawo Kurege ta bindi. Ta ce, "Shekara arba'in ina sauraron bango, ban taɓa jin wanda ya ba ni amsa ba sai yau."

Kurege ya ce, "Ni wucewa nake yi, Iya. Hanya ce ta biyo da ni."

Ta yi dariya har da hawaye, ta sake shi, ya shige ciyawa. Sannan ta goge ido ta dubi Marka. "Saura ruwa ɗaya."

Marka ta rasa abin yi. Sai ta zauna a inuwar ɗakin tana kallonsa, kamar yadda ta saba kallon komai. Ta kalli indararo. Ta kalli bakin azara. Sai ta lura da gidajen zanzaro, ƙanana ƙanana, sun jeru a ƙarƙashin rufi har ba ta iya ƙirga su. Ta leƙa bangon maƙwabta, babu ko ɗaya. Ta leƙa na gaba, babu ko ɗaya.

Ita ba ta jin kunyar ƙwari. Da wani zanzaro ya sauka da ɗan curin laka a baki, ta ce, "Malam, sannu da gini. Me ya sa duk kuka taru a mataccen bango?"

Zanzaro ya ajiye laka, ya gyara ƙugu. Ya ce, "Wa ya ce matacce ne? Ni magini ne, ubana magini ne. Matacciyar ƙasa ba ta riƙe gidana. Bangon nan tun ruwan farko yake magana, bai huta ba."

"Me yake cewa?"

"Abin da ya ji."

"Ai bai ji komai ba."

"Ya ji shirunku, ke da tsoho. Shi yake ta maimaitawa. 'Ya'yana a nan kaɗai suke samun barci a garin nan. Ku mutane kunnuwanku ne suka cika. In kina da sauran tubali, jiƙa shi ki kai inda bango yake surutu, ki gani."

Akwai tubali ɗaya da ya ragu a bayan ɗaki. Marka ta ajiye shi kusa da ƙofa tana jira. Rannan da hantsi hadari ya haɗu, yayyafi ya fara, ruwa na uku ke nan. Ta yi gammo, ta ɗora tubalin a ka, ta fita. Yayyafi yana jiƙa shi, tana tafiya.

Ta bi ta kasuwa. Katanga tana ta sannu da zuwa, ina gajiya. Da ta zo gindinta, sai gaisuwar ta ɗauke, daidai faɗin tabarma a kewayen Marka. In ta matsa, shirun ya matsa da ita. Wata mai daddawa ta tsaya da ciniki, ta karkata kai. Ta ce, "Wai numfashin wa nake ji?" Na goyonta ne. Ta bar faifanta ta bi Marka.

Ta bi ta zauren shari'a. Wani mutum yana tsaye kwana uku, duk lokacin da ya fara bayani sai bango ya katse shi da wata tambaya. Marka ta tsaya a bakin ƙofa. Tambaya ta ɗauke. Mutumin ya faɗi maganarsa daga farko har ƙarshe. Alƙali ya miƙe zaune ya ce, "Ashe kai ne mai gaskiya." Ya ɗauki sandarsa ya bi Marka.

Ta isa fada, mutane a bayanta kamar zare. Sarki Jatau yana zaune, bango huɗu suna zuba masa kirari, fadawa kuma sai sun ɗaga murya kafin ya ji su. Marka ta durƙusa, ta sauke tubalin a gabansa.

Kirari ya ɗauke.

Sarki ya waiga dama, ya waiga hagu. Sannan ya ɗaga kai sama. Wani abu yana taɓa rufi, ɗis, ɗis, ɗis, can kuma yana gangarowa ta indararo.

Ya ce, "Waziri, mene ne wannan?"

Waziri ya saurara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san shi ba."

Marka ta ce wa yatsun ƙafarta, "Ruwa ne, ranka ya daɗe."

A fadar aka haife shi, a fadar ya yi furfura, bai taɓa jin saukar ruwa ba. Kai, duk garin, ban da Marka da kakanta, babu wanda ya taɓa ji, don da ɗigon farko bango yake rigan shi magana. Sarki ya zauna yana saurare. Fadawa suka zauna. Babu wanda ya motsa har ruwan ya tsagaita.

Aka kira Magajiya Hakama. Ta kara kunne a tubalin, ta daɗe. Da ta ɗago ta ce, "Na yi kuskure. Ƙasar nan ta kama, ta ma fi kowace kamawa."

Marka ta saki numfashi. Amma Sarki bai gama ba.

Ya ce, "Ɗakin nan tubali nawa ne? A rushe shi a kawo mini. Kowane ɗaki a fada a sa masa guda."

Marka ta ji kamar ƙasa ta tsage. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin kakana ne. Ba shi da wani. Ƙasa tana nan a kududdufi, a taka wata mana."

Sarki ya ce, "Gaskiya ne, shiru ai kowa ya iya. Fadawana za su taka. In sun iya, ɗakinku ya tsira. In sun kasa, a kawo mini naku."

Fadawa suka naɗe wando suka shiga ƙasa. Sarkin Dogarai yana zagaya su da bulala yana cewa, "A yi shiru. Na ce a yi shiru." Aka yi tubali, aka shanya, aka jiƙa. Tubali ya ce, "A yi shiru. Na ce a yi shiru."

Suka sake. Wannan karon kowa ya ɗaure bakinsa da rawani. Suna cikin takawa sai Sarki ya fito ganin aiki. Bafade kuwa ba ya ganin Sarki ya ƙi gaisuwa. Aka jiƙa tubali, sai ya yi ta gurnani kamar wanda aka toshe wa baki da tuwo.

Suka sake, na uku. Sarki ya ɓuya, Sarkin Dogarai ya koma gida. Fadawa suka cije haƙora, suka taka tun safe har la'asar, kowa cikinsa cike da maganar da bai faɗa ba, kowa yana hararar wanda ya taka masa ƙafa. Aka jiƙa tubali. Ya yi shiru, kuma kirarin fada ya ɗauke. Amma wani irin shiru ne. Wanda ya zauna kusa da shi sai wuyansa ya ƙage. Waziri ya fara hararar Alƙali ba dalili. Sarki ya ji tuwon rana ya tsaya masa a ƙirji.

Ya ce, "A fitar da abin nan."

Magajiya ta ce, "Wannan shirun masu haɗiye magana ne, ranka ya daɗe. Wancan na mutum biyu ne da hankalinsu yake kwance da juna."

Sarki ya ce, "To, sun kasa. A ɗauko diga."

Shi da kansa ya tafi, magina a bayansa. Suka tarar da Nomau zaune ya jingina da bango. Marka tana tsaye a bakin ƙofa, ta buɗe hannuwa ta dafa gefe da gefe. Wannan karon fuskar Sarki ta kalla.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tubalin da na kai maka, yaya girmansa yanzu?"

Sarki ya tuna da tubalin. Kullum ana jiƙa shi, kullum yana zaizayewa. Ya ce, "Ya koma kamar ƙwan jimina."

"Na ɗakin nan ma haka za su koma. Damina biyu, uku, sun ƙare. Sai ka aiko a ce ni da Kaka mu taka wani. Za mu taka, tun da kai ne Sarki. Amma shirun tsohon da aka rushe wa ɗaki za a kawo maka. Ka ji na masu fushi, ka ce a fitar. Wannan ban san inda za ka kai shi ba."

Ba ta taɓa yin magana mai tsawon haka ba. Da ta gama, sai ta ji kunya ta rufe ta, ta ja gefen zanenta ta rufe baki.

Sarki ya dubi Nomau. Nomau ya dube shi. Suka daɗe a haka. Sannan Sarki ya ce wa magina su ajiye diga.

Magajiya Hakama ta nemi ruwa, ta wanke farar ƙasar da hannunta, har ta goge da bakin mayafinta. A nan tsaye aka naɗa Nomau Sarkin Shiru, Marka kuma Magajiyarsa. Makaɗa sun zo, amma aka ce su riƙe gangunansu a hammata. Aka yanke cewa kowane rani su biyun za su taka ƙasa, babu mai matsowa kusa, a gina ɗan ƙaramin ɗaki a kowace unguwa, wanda duk kansa ya cika ya shiga ya zauna.

Sarki ya ce, "Sarkin Shiru, me kake so in ba ka? Doki? Riga?"

Nomau ya girgiza kai. Ya nuna ƙofar ɗakin, inda wata tsohuwar tabarma take rataye.

Marka ta ce, "Ƙyaure yake so, ranka ya daɗe. Feshi yana shigo mana."

Kafin rana ta faɗi masassaƙa sun kafa ƙyaure. Ruwan da ya biyo baya, a cikin ɗakinsu ya same su, ƙofa a rufe, tabarma a bushe, tsoho yana gyangyaɗi.

Shi ya sa in kun ga mutum ba ya yawan magana, kada ku ce babu komai a cikinsa. Ku matsa kusa tukuna, ku saurara.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. In kun tsinci ƙarya a ciki, Kurege ne ya haƙa mata rami ta shigo.